Tin uku a tsakar gidan Kawu, da 'ya'yan farin da suka kusa sa a sare mafi kyawunsu

Ranar da Kawu ya ce a ɗauko masa gatari, itacen bai fi wata takwas a ƙasa ba. Watan Agusta ne, an kwana ana ruwa, tsakar gida duk ta jiƙe. Ya tsinki ɗan tin na farko da ya ga ya fara canza launi, ya ɓare shi gida biyu, ya sa rabi a baki, ya miƙo mini rabi. Na tauna. Ruwa-ruwa ne, salam, ga wani ɗan ɓauri a bayan harshe, ga farin nono irin na tumfafiya yana ɗiga daga wuyansa yana manne wa yatsa. Kawu ya tofar da nasa ya ce, "Wannan ba shi ne abin da na sha a Madina ba. An ba mu ɓauren daji ne kawai. Cire shi mu sa gwanda a wurin."

Kawu tsohon malamin makaranta ne, gidansa yana wata unguwa ta bayan Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Da ya yi ritaya ya mai da hankalinsa kan shuke-shuke, ni kuma da yake ina da ɗan lambun zogale da lemo, sai ya ɗora mini kula da su. Tun daga ranar da aka dasa tin ɗin nake rubuta abin da na gani a wani littafi, kuma daga cikinsa na haɗa wannan bayani. Na ga mutane da yawa yanzu suna sayen dashen tin, kuma na san gidaje biyu da aka tumɓuke shi a shekarar farko saboda irin abin da ya faru da mu a wannan safiya.

Tin shi ne wanda wasu ke kira ɓauren Larabawa, wanda sura ta 95 ta Alƙur'ani mai girma ke ɗauke da sunansa. Dangi ɗaya suke da ɓaurenmu na gida, da cediya, da durumi, da gamji, duk masu farin nono ne in an karya ganyensu. Amma ɓaurenmu babban itace ne na bakin rafi da fadama, yana zuba 'ya'yansa cunkus a jikin gangar itacen da manyan rassa. Tin kuwa bai cika girma sosai ba, kuma ɗansa ɗaya-ɗaya yake fitowa a hammatar ganye, a jikin sabon reshe. Asalinsa ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne da yammacin Asiya, wuraren da lokacin nunarsa yake faɗawa cikin zafi ba ruwan sama. Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa nomansa, Masar da Maroko da Aljeriya ma suna cikin manyan masu yinsa.

Uku muka dasa a watan Janairu, kowanne da inda ya fito. Na farko wani ɗan sanda ne da bai fi kamu biyu ba, Gwaggo, yayar Kawu, ta aiko da shi daga Daura a cikin gwangwanin madara. Reshe ne aka yanko daga itacen da ke gidanta aka kafa shi har ya yi saiwa. Na biyu mun saye shi a leda wurin masu sayar da dashe a bakin titi, mai shi ya ce mana "ɗan Turkiyya ne", bai ƙara komai a kai ba. Na uku shi ne ɗan gatan Kawu. Busasshen tin ya sayo a Madina lokacin da ya je Umara, ya jiƙa guda ɗaya, ya wanke 'yan ƙwayoyin cikin ya shuka a kasko. Da yawa sun tsiro, ya zaɓi mafi ƙarfi ya raina. A gidan ana kiransu na Daura, na bakin titi, da ɗan Makka.

Zuwa Agustan nan da nake magana, duk wanda ya shigo gidan ɗan Makka yake fara yabawa. Ya wuce kafaɗar mutum, ganyensa manya masu yatsu biyar dogaye, kore shar. Na bakin titi yana biye da shi, da 'ya'ya shida manya da ba su nuna ba. Na Daura ne koma baya: gajere, ganyensa ƙanana, wasu ma sun yi ɗigo-ɗigon tsatsa sun fara zuba, 'ya'yansa huɗu ba su fi ƙwallon goriba ba. Shi ne ya riga nuna, shi ne kuma aka yanke wa hukunci.

Ban ɗauko gatarin ba. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri ka ba shi rani biyu. In bai gyaru ba ni da kaina zan cire shi, in kawo maka gwandar." Ya ce yaro ne ni, ban san itace ba, ai juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Hajiya, matarsa, tana bakin murhu tana jin mu. Ita ce ta raba gardamar. Ta ce, "Malam, tsohuwar nan ba za ta aiko maka da abin banza tun daga Daura ba. Ka bari a je a ga uwarsa tukuna." A kan haka aka bar shi.

Da na zauna da littafina ina bin abin da ya faru, sai na ga dalilan lamin nan sun kai huɗu, kuma babu ko ɗaya da ya shafi irin itacen. Na farko, ɗanye muka tsinka. Tin ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne da za a tsinka a rufe a kwali su ƙarasa nuna. Da zarar ya bar jikin itace, zaƙinsa ya tsaya inda yake, sai dai ya yi laushi ya lalace. Kuma yawancin zaƙin a 'yan kwanakin ƙarshe yake taruwa. Canza launi ba shi ne nuna ba. Nunannen tin wuyansa yake saki ya sunkuyar da kai, jikinsa ya yi taushi, fatar wani lokaci ta ɗan tsattsage, kuma in ka tsinke shi ba za ka ga farin nono a wuyan ba. Namu yana tsaye ƙyam, nono na zuba. Da mun ƙara masa kwana uku ko huɗu da labarin ya ɗan canza.

Na biyu, lokacin. Agusta ne watan da ruwa ya fi yawa a Katsina, ga hadari yana rufe rana kwana da kwanaki. Itacen da ya saba nuna cikin zafi da bushewa, in ya sha ruwa ya ƙoshi ana gab da nuna, ruwan cikin ɗan yake tafiya ya tsarma zaƙin. Na uku, ƙuruciya. Dashen da bai shekara ba ƙarfinsa yana can ƙasa wajen kafa saiwa, ganyensa kaɗan ne, kuma ganye ne ke haɗa zaƙin da rana ya tura wa 'ya'ya. Itace mai ganye ashirin da ke ɗauke da 'ya'ya huɗu ba shi da abin da zai ba su. Masu noman tin a ƙasashen da aka daɗe da shi sukan cire 'ya'yan shekarar farko tun suna ƙanana don itacen ya gina jikinsa.

Na huɗu kuwa daga hannuna ya fito. Ina son su yi saurin girma, sai na riƙa barbaɗa musu yuriya duk bayan mako biyu, kamar yadda ake yi wa masara, ina kuma ba su ruwa safe da yamma ko da an yi ruwan sama. Yuriya ganye take sa wa da dogon reshe mai taushi. Ita ce ta sa ɗan Makka ya yi wannan kyan da ake yabo, ita ce kuma ta taimaka wajen ɓata ɗanɗanon na Daura. Abin ya dame ni sosai da na gane, don itacen ya kusa rasa ransa a kan laifin da ba nasa ba.

A watan Afrilu muka tafi Daura, ni da Kawu, ta hanyar Mashi. Gidan Gwaggo tsohon gida ne na ƙasa a cikin gari, ba nisa da rijiyar Kusugu. Itacen yana lungun bayan ɗaki, kusa da inda ake wanke-wanke, kuma in ka gan shi ba za ka ce wani abu ba ne. Gangarsa fari-fari ce mai kauri kamar cinyar mutum, a karkace, rassan sun bazu kan katanga, ganyen ƙanana sun sha ƙura. Gwaggo ta ce maigidanta marigayi ne ya kawo reshen daga gidan wani Balarabe a Kano tun 'ya'yanta suna ƙanana. Ba ta taɓa sa masa takin zamani ba. Tokar murhu da kashin awaki take zuba masa, sai ruwan wanke-wanken da ke gangarawa wajen.

Ta sa jikarta ta hau turmi ta tsinko mana. Ta ce da ita, "Ki duba waɗanda suka sunkuya, masu hawaye a gindi. Kar ki taɓa masu tsayuwa." Yarinyar ta sauko da guda bakwai a faifai. Ƙanana ne, launin ƙasa-ƙasa da ɗan shunayya, fatar ta yamutse kamar ta tsufa, kuma a 'yar cibiyar da ke ƙasan kowanne akwai ɗigon ruwa mai kauri kamar zuma da ya toshe ƙofar. Kawu ya ɓare ɗaya. Cikin ja ne mai danƙo, yana ƙyalli. Ya sa a baki ya yi shiru, ya ɗauki na biyu, sannan ya ce, "Yaya, wannan ne kika aiko mini?" Ta ce, "Shi ne mana. Reshen can na wajen katanga aka yanko maka." Ya gaya mata yadda ya kusa sare shi. Ta yi salati ta ce ita ma nata sai da ya yi shekara uku kafin yara su fara rububinsa, kuma har yau na damina ba ta damuwa da su, tsuntsaye take bar wa.

Wannan tafiya ce ta ba mu ma'aunin da ya fi kowanne. Dashen da aka samu daga reshe, jikin uwarsa ne aka raba, ba ɗanta ba ne. Duk abin da uwar ke iya yi, shi ma zai iya in ya kai ƙarfinta kuma ya samu irin kulawarta. Don haka wanda zai karɓi reshen tin, ya fi masa ya je ya sha 'ya'yan uwar a lokacin rani da ya tsaya yana duban ganyen dashen. Ganye ma a jikin ƙaramin tin ba abin dogaro ba ne, don a itace guda za ka ga mai yatsu biyar, da mai uku, da wanda bai rabu ba sam, kuma sabon reshe mai ƙarfi ya fi fitar da masu zurfin yatsu.

Da muka dawo na canza yadda nake yi. Na daina yuriya gaba ɗaya. Na zuba ruɓaɓɓen takin awaki da 'yar toka nesa kaɗan da gindi, na rufe ƙasar da busasshen ganyen bedi da ɓuntun shinkafa, don ƙasar gidan rairayi ce, ruwa ba ya zama, kuma saiwar tin sama-sama take bazuwa, zafin Afrilu yana dafa ta. A irin wannan ƙasa akwai kuma wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu kamar yadda ake gani a tumatir da kuɓewa, kuma tin yana cikin itatuwan da suke so. Taki da rufin ƙasa suna rage musu ƙarfi. Sai dai rufin yana jawo gara, shi ya sa nake barin tazarar tafin hannu tsakaninsa da gangar, ina dubawa duk mako. Ruwa kuma na mai da shi jarka ɗaya ga kowanne duk bayan kwana biyu ko uku a rani, in 'ya'ya sun kusa nuna in rage, amma ban taɓa bari ƙasar ta bushe ƙarau sannan in kwarara ba, don hakan ke fasa su.

Babban canjin shi ne lokacin aski. Tunda a sabon reshe tin yake haihuwa, kuma daga fitowar ɗan zuwa nunarsa wajen wata uku ne, to lokacin da ka datse rassa shi zai nuna maka lokacin da za ka sha. Na koma datse su a watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa. Sabon toho ya fito, sanyin hunturu ya ɗan rage masa sauri, wasu ganye suka zube, amma 'ya'yan suka zo nuna daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama. Mai yin askin nan ya sa riga mai dogon hannu, ya kuma yi shi da yamma, don nonon tin in ya taɓa fata rana ta doke shi yana ƙona ta har ta tashi.

Ɗan Makka ya fara haihuwa a shekara ta uku, kuma murnar da Kawu ya yi ba ta da iyaka. 'Ya'ya sun fi talatin. Suka kai girman ƙwallon kanya, suka tsaya, suka yi rawaya, suka zube ɗaya bayan ɗaya. Na ɓare guda biyar, cikin duk fayau, busasshe kamar auduga. Muka ce ko ruwa ne, ko zafi. Zubi na biyu ma haka, alhali na Daura da ke taku huɗu da shi, ruwa ɗaya taki ɗaya, bai yar da ko ɗaya ba.

Dalilin yana cikin yadda Allah ya halicci wannan dangi. Mutanenmu kan ce ba a ganin furen ɓaure, kuma gaskiya ne ba a ganinsa, don furannin suna cikin ɗan ne, ɗaruruwa, a jere a bangon ciki. Waɗannan 'yan ƙwarin da muke tararwa in mun ɓare ɓauren gida su ne ke shiga ta cibiya su kai ƙurar fure. Kowane irin ɓaure da nasa ƙwaron, na ɓaurenmu ba ya yi wa tin aiki. Shi tin iri-iri ne. Akwai wanda ke riƙe 'ya'yansa ya nuna ba tare da ƙwaro ba, shi ne ya dace da gidajenmu. Akwai wanda in ƙwaron bai shiga ba sai ya zubar, kuma irin wannan ne mafi yawan busasshen tin na Turkiyya da ake sayarwa. Akwai kuma namiji, wanda ba a cin 'ya'yansa, a cikinsu ƙwaron yake hayayyafa. Da na nemo ledar da Kawu ya adana, Turkiyya aka rubuta a jikinta. Ƙwayar da ta tsiro a kaskonsa ta tsiro ne don ƙwaro ya shiga uwarta a can. Kusan rabin abin da ke fitowa daga irin wannan ƙwaya maza ne, matan kuma galibi masu jiran ƙwaro ne. Haka ta faru da manoman Kalifoniya a Amurka: sun shigo da irin tin na birnin Izmir da ke Turkiyya a shekarun 1880, itatuwa suka girma suna ta zubar da 'ya'ya, sai a 1899 da aka samu ƙwaron ya zauna a gonakinsu sannan suka fara girbi. Mu a unguwarmu babu namijin tin balle ƙwaronsa.

Na bakin titi labarinsa gajere ne. Yana riƙe 'ya'ya, manya ne, sun ninka na Daura, kuma na rani ba laifi, ana sha. Amma cibiyarsa a buɗe take, har tsinken ashana zai shiga. Da damina ruwa da kiyashi da ƙananan ƙudaje suke bi ta nan, kafin ya nuna ya yi tsami yana wari. Wannan halin tun 'ya'yansa shida na farko na rubuta shi a littafi, kuma har yau bai canza ba.

A nan ne na ga inda iyakar take. Akwai abin da ƙaramin tin ke faɗa maka tun da wuri kuma gaskiya ne: ko yana riƙe 'ya'yansa har su kumbura su yi laushi, ko cibiyarsa a rufe take ko a buɗe, launin fata da na ciki in ya nuna sosai. Waɗannan halitta ce, shekaru ba sa gyara su. Zaƙi kuwa, da girma, da danƙon ciki, da kaurin fata, da yawan haihuwa, duk suna tafiya da shekarun itacen da lokacin shekara da hannun mai ba shi ruwa. A ganina bai kamata a yi wa tin hukunci a kansu ba sai ya ga rani uku a ƙasa, kuma da 'ya'yan rani za a auna shi. Tun ranar gatari na Daura ya riga ya nuna mana abubuwa biyu masu muhimmanci, ya riƙe 'ya'yansa kuma cibiyarsa a tsuke take, mu ne muka tsaya kan wanda bai isa aunawa ba. Shi ya sa yanzu in mutum ya ce in raka shi sayen dashe, tambayata ta farko ga mai sayarwa ita ce daga reshe ne ko daga ƙwaya, ta biyu kuma ina uwarsa take. In ya kasa amsa su biyun, na fi son mu zaɓi wanda ke ɗauke da ɗa a jikinsa, ko da ganyensa bai kai na sauran kyau ba.

A raninsa na biyu na Daura ya ba da 'ya'ya goma sha tara, da zaƙi amma bai kai na uwarsa ba. A na uku na daina ƙirgawa bayan sittin, kuma a nan ne muka fara ganin hawayen nan a cibiya. Sai da muka ɗinka 'yan jakunkuna da tsohon gidan sauro muna ɗaure wa waɗanda suka kusa, don tsuntsaye da rana, jemagu da dare. Kawu da kansa yake zagayawa bayan sallar asuba yana taɓa wuyansu da ɗan yatsa, kuma ya hana jikoki tsinkar duk wanda bai sunkuya ba.

Ɗan Makka ne ya zama abin shawara. Kawu ya ƙi a cire shi, ya ce daga Madina ya ɗauko shi da hannunsa. Ni ma ban so ba, don saiwarsa ta fi ta sauran ƙarfi. Sai na kawo wani mai lambu da ya ƙware wajen auren mangwaro, ya datse manyan rassansa uku, ya tsaga kowanne, ya cusa tsinken reshen na Daura ya ɗaure da leda. Biyu sun kama, ɗaya ya bushe. Reshe ɗaya na asali muka bar masa ta wajen gabas kamar yadda Kawu ya nema, yana nan yana fitar da 'ya'ya yana zubarwa. A askin Oktoban da ya wuce na kafa sanduna goma sha biyu na na Daura a gwangwanaye, takwas sun yi toho. Biyu Hajiya ta riga ta yi alkawarinsu, ɗaya kuma za a mayar Daura, don Gwaggo ta aiko cewa gara ta shiga gangar uwar ta ɓangaren katanga.